Baƙin mai mai kauri a zafin Riyad

Malam, ka tambaya ko ka koma zuba wa motarka 20W-50, wato baƙin mai mai kauri, saboda zafin Riyad da ke haura digiri 45. Ni dai a'a, in dai motarka sabuwa ce. Hanyoyin da mai ke bi a injin zamani ƙanana ne, mai kauri yakan jinkirta kaiwa saman inji idan ka tayar da safe, kuma a lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Duba littafin motar. Idan 5W-30 aka rubuta, wato mai wanda bai kai 20W-50 kauri ba, tsaya a kansa.

Abin da ya fi damuna ƙura ce da go-sulo da AC a kunne. Rage tazarar juyen mai, ka canza filtar mai kowane juye, ta iska kuma ka riƙa dubawa bayan guguwar rairayi.