Tambaya da Amsa: Ya fito daga hatsarin mota da ƙafarsa, daga baya ciwo ya taso

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Makon jiya motar hayar da mahaifina ya shiga ta ƙwace a hanyar Kano, ta faɗa gefen titi. Allah ya kiyaye, ya fito da ƙafarsa, sai ɗan kumburi a goshi, don haka ya ƙi zuwa asibiti. Bayan kwana 3 wuyansa ya sanƙare, yanzu kuma yana kukan ciwon kai, barci ya yi masa yawa, jiya ma ya yi ta maimaita tambaya ɗaya. Shekarunsa 68, kuma yana shan asfirin kullum saboda zuciya. A gida an ce buguwa ce, ana gasa masa jiki da ruwan zafi, an kuma sayo masa diclofenac a kemis. Ko wannan ya wadatar? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara kiyayewa, ya ba Baba lafiya. Bai wadatar ba, kuma ina roƙonki da a kai shi babban asibiti yau ɗin nan, irin asibitin koyarwa na Shika, inda za a iya yi masa hoton ƙwaƙwalwa na CT.

A lokacin firgici jiki yana sakin sinadarai, irin su adrenalin, waɗanda suke danne raɗaɗi, shi ya sa za ki ga mutum da karaya a haƙarƙari yana taya fitar da wasu daga mota. Sai an kwana ɗaya ko biyu, hankali ya kwanta, kumburi ya taru, sannan jiki yake fara bayyana abin da ya same shi. Sanƙarewar wuya yawanci daga nan take: fizgar da kai ya yi gaba da baya ta ja naman wuya da jijiyoyinsa, kuma mafi yawan irin wannan yana warkewa cikin 'yan makonni.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne ciwon kai tare da yawan barci da rikicewar tunani. Idan mutum ya manyanta ƙwaƙwalwarsa takan ɗan tsuke, sai ƙananan hanyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe, ta yadda bugu kaɗan zai iya tsinka su. Jinin yakan riƙa tsiyaya a hankali, yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, kuma alamunsa na iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin su fito. Asfirin yana hana jini saurin daskarewa, diclofenac kuma yana ƙara wannan matsalar, saboda haka a dakatar da diclofenac nan take, a tafi da kwalin asfirin ɗin domin likita ya yanke hukunci a kansa. Idan an gano taruwar jinin da wuri, likitocin tiyata sukan huda ƙoƙon kai su zuƙe shi, kuma dattawa da yawa suna komawa garau. Amai, farfaɗiya, karkacewar baki, sarƙewar magana ko raunin ɓarin jiki, duk wanda aka gani daga ciki ba a jira gari ya waye.

A nemi likita ya duba cikinsa ma. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma takan tsage jinin ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya ɓalle bayan kwanaki. A yankinmu da zazzaɓin cizon sauro yake kumbura saifar mutane da yawa, wannan haɗarin ya fi yawa. Alamunsa su ne ciwo a gefen hagu na ciki wanda kan haura kafaɗar hagu, jiri idan an miƙe tsaye, gumi mai sanyi, da farin tafin hannu da cikin ido. Jini a fitsari yana nuna buguwar ƙoda ko mafitsara.

Gashi da ruwan zafi al'ada ce da aka gada da kyakkyawar niyya, amma ba ya kaiwa ga jinin da ke cikin kai ko ciki. Haka nan kada a bari mai ɗori ko mai tausa ya murɗa wuyan kafin a yi hoto, musamman idan akwai mutuwar yatsu, raunin hannu ko ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, domin ƙashin wuya da ya tsage zai iya gocewa ya taɓa laka.

Idan kun je, Malama, ki bi shi har gaban likita ki yi bayani da kanki, tunda Baba na iya mantawa ko ya raina abin. Ki fara da cewa ya yi hatsarin mota, ya bugu a goshi, ki faɗi ranar da magungunan da yake sha, domin dattijon da ya zo da ciwon kai da rikicewa ana iya ɗaukarsa mai hawan jini ko zazzaɓi idan ba a ambaci hatsarin ba. In kuma kin san wasu da ke cikin motar, musamman mace mai juna biyu, ki isar musu su ma su je a duba su, ko da ba sa jin komai.