Tambaya da Amsa: Ko Wayar Hannu Ta Isa Zana Taswirar Duwatsu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. An umarce mu mu zana taswirar wani fili da busol (na'urar nuna arewa) da igiyar awo, a kan ma'aunin 1:1000. Tun da wayoyinmu suna da GPS, mene ne amfanin wannan wahalar?
Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Amsarki tana cikin ma'aunin da aka ba ku. A kan 1:1000, santimita 1 a takarda yana matsayin mita 10 a ƙasa, alhali wayar hannu takan kauce wa ainihin wuri da kamar mita 5, wato rabin santimita a taswirarki. Da a ce irin taswirar 1:200,000 ce, wadda santimita 1 yake wakiltar kilomita 2 a cikinta, wannan kuskure bai kai ɗigon fensir ba, amma ga mai son nuna jijiyar farin dutse da faɗinta bai wuce rabin mita ba, irin wadda ake gani cikin tsoffin duwatsun kudancin jihar Maraɗi wajen Ɗan Isa, kuskure ne da zai ɓata aikin gaba ɗaya. Ban da haka, GPS ba ya gaya miki inda shimfiɗar dutse ta fuskanta ko yadda ta karkata. Da busol ake auna wannan.

Ki fara da sanin tsawon takunki: ki shimfiɗa igiya mita 50, ki taka sau da yawa, ki ɗauki matsakaici, sannan ki sake gwadawa a cikin rairayi, domin yashin gulbi yana rage taku.

Daga nan ki zaɓi wuri tabbatacce, kamar bakin rijiya, ki mai da shi tashar farko. A kowace tasha ki rubuta kusurwar da busol ya nuna zuwa ta gaba, idan kin isa can kuma ki juyo ki auna ta baya, domin bambancinsu ya kamata ya zama digiri 180. In bai zama ba, galibi akwai ƙarfe kusa da ke, ko gudumarki ko babur ko wayar kanta. Abin da na fi jaddadawa shi ne ki zagayo har ki koma tashar farko, saboda ratar da ta rage a takarda ita ce za ta nuna miki girman kuskurenki. Ƙaramar rata ana rarraba ta ga dukkan tashoshin, babba kuwa sai an koma fili.

Kada ki miƙa taswirar ba tare da kibiyar arewa da kwanan wata da zanen layin ma'auni ba, domin idan injin kwafi ya ƙanƙantar da takardar, rubutun 1:1000 ya tashi daga aiki, layin kuwa yana raguwa tare da taswirar.