In yi masa kyauta har a san ni?

Tambaya: Malam, ina ɗaukar bidiyon biki da na waƙa a nan Damagaram. Babana ɗan dako ne a kasuwar Dole. In aka ce in faɗi kuɗin aikina sai bakina ya yi nauyi, in ce a ba da abin da ya sawwaƙa. Yanzu wani furodusa ya ce in yi masa shekara guda kyauta, suna zai biyo baya. In yarda?

Amsa: Kar ka yarda, ƙanena. Nauyin bakin nan da shi ka taso. Ɗan dako ba ya yanka farashi, abin da aka miƙa masa yake karɓa ya yi godiya, kai kuma kana kallo tun kana ƙarami. Wanda ya tashi a rumfar ubansa kuwa ya iya cewa "albarka" tun kafin ya iya karatu.

Wannan magana ta "yi kyauta a san ka" ta ishe ni. Kullum sai an zo da ita, kuma ƴaƴan talakawa ake yi wa. Ɗan mai hali yana iya shekara bai karɓi dala ba, tuwonsa na jiransa a gida, kamarar ma baba ne ya saya. Kai hayarta kake yi. Sanin da za a yi maka shi ne na mai araha: uwar amarya ta gaya wa ƙawarta, ranar da ka ce jikka talatin a ce ka fara girman kai. Furodusan da ke biyan mai jannareta da mai babur, don me kai kaɗai za a biya da suna? Koyon aiki a hannun ubangida daban ne: akwai wa'adi, akwai kuɗin abinci, kuma ana nuna maka aikin.

Kafin ka buɗe baki, rubuta hayar kamara, man babur, kati, cajin batir, da kwanakin da za ka yi gaban kwamfuta kana haɗa hoto. Waɗannan kwanakin aka fi mantawa, nan riba ke zurarewa. Ɗora ladanka a kai. In kunya ta hana ka faɗi, tura ta WhatsApp, rubutu ba ya sunkuyar da kai. Karɓi rabi kafin ranar aiki, sauran kafin ka miƙa bidiyon, don in ya shiga wayar mutum sai dai ka yi ta sintiri a ƙofar gidansa.

Bidiyon waƙa kuma, a sa sunanka a jikinsa, ku yi takarda da shaidu biyu, sannan ka nemi BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na Nijar, ka yi rajista.