Amsa: Sa jariri barci kafin tiyatar huhu

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce an haife shi da kumburin iska a wani sashe na huhu, kuma tsoronki maganin barci ne, ba wuƙar likita ba.

Abin da likitan barci ya fi sa wa ido shi ne numfashi. Jariri yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na babba in aka auna da nauyinsa, don haka jininsa kan yi saurin rasa ta. Ga kuma sashen da ya kumbura: in aka tura masa iska da ƙarfi sai ya ƙara hura kamar balan-balan, ya danne lafiyayyen huhu da zuciya. Shi ya sa ake hura iskar a hankali, wani lokaci ma a bar shi ya ja numfashi da kansa har a buɗe ƙirji.

Naki aikin shi ne azumin. Galibi ana tsayar da nono awa 4 kafin aiki, madarar gwangwani awa 6. Zai yi kuka, amma kada tausayi ya sa ki ba shi a ɓoye, don amai na iya gangarawa huhu. In mura ko zazzaɓi ya kama shi, ki faɗa wa likitocin tun kafin ranar.