Hukuncin karɓar tukuici a kan kashe kyarkeci da zakin dutse

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Idaho ta Amurka, ina aiki a gonar wani makiyayi. A nan akwai ƙungiyar da ke mayar wa maharbi kuɗin da ya kashe idan ya kawo shaidar ya kashe kyarkeci. Shin kuɗin nan halal ne? Zakin dutse ma yana yi mana ɓarna, shi kuma yaya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙunshi kisan da kuma kuɗin.

Kisan dabbar da ke afka wa mutane da dukiyarsu ya halatta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Annabi (SAW) ya ambaci dabbobi 5 da ake kashewa ko a cikin Harami, daga ciki har da kare mai cizo. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce duk abin da ke cizon mutane, yana kai musu hari, yana firgita su, kamar zaki da damisa da kyarkeci, ya shiga wannan suna. Zakin dutse ɗan gidan damisa ne, hukuncinsu ɗaya.

Kuɗin kuwa ji'ala ce, wato a ce duk wanda ya yi kaza yana da kaza. Asalinta na cikin Suratu Yusuf, aya ta 72, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. In an san ladan, kuma aikin halal ne, ƙullin ya inganta.

Sai dai dalilin halascin shi ne cutarwar da dabbar ke yi, kuma tarihin ƙasar da kake zaune ya nuna yadda kuɗi ke raba kisa da dalilinsa. Tun 1630 Turawan Massachusetts suka sa lada a kan kyarkeci. Montana ta biya lada a kan kyarkeci wajen 80,000 daga shekarun 1880 zuwa 1918. California ta biya a kan zakin dutse fiye da 12,000 tsakanin 1907 da 1963. Ba wanda ya tambayi ko wannan dabba ta taɓa cin tunkiyar wani. A wancan zamani maharbi yakan kashe dabba, ya tsattsaga mushen, ya barbaɗa guba, ya tafi. Da safe ya tarar da kyarkeci kwance, kusa da shi ga dila, ga hankaka, ga gaggafa, wani lokaci har karen maƙwabci. Wasu sukan haƙa rami su kwashe 'ya'yan, su bar uwar da gangan don ta sake haihuwa baɗi. Wannan ai noman lada ne, makiyayin da aka ce ana karewa ba abin da ya ƙaru da shi.

A 1926 aka kashe kyarketan ƙarshe a gandun dajin Yellowstone. Manyan bareyi suka yi yawa suka cinye tsiron bakin rafi, har a 1995 hukuma ta kashe kuɗi ta kwaso kyarketai daga Kanada ta sake su a wurin.

Shari'a ba ta yarda da ƙarar da jinsi ba. Suratul An'am, aya ta 38, ta ce dabbobi al'ummu ne irinmu. A cikin Bukhari da Muslim an zargi wani Annabi da ya ƙone gidan tururuwa saboda guda ɗaya ta cije shi. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa ba don karnuka al'umma ba ne da Annabi (SAW) ya yi umarnin kashe su. Ko Shehu Halilu, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, a babin mai harami, sai da ya ƙayyade kashe kyarkeci da cewa in ya girma. Maganarsa a kan mahajjaci take, amma ta nuna mana dalilin hukuncin: ƙarami bai kai ga cutarwa ba.

Saboda haka, in kyarketai na yi wa garken maigidanka ko na maƙwabta ɓarna, kana da lasisi, kuma lokacin farauta ne a dokar jiharku, ka kashe, ka karɓi kuɗinka, halal ne. Ka kyautata kisan kamar yadda hadisin Shaddad ɗan Aus ya umarta. Guba a mushe haram ce, domin tana kashe abin da ba a ba ka izini ba. In tarko ka ɗana, kada ka bar dabba ta kwana biyu a ciki tana cizon ƙafarta. Ƙara kuɗi a rasit, ko kawo dabbar wani yanki ka ce ta nan ce, algus ne, kuɗinsa haram. Shiga daji mai nisa da kiwo don tara lada kawai, ban ga halascinsa ba, ko da doka ta kawar da kai.

Zakin dutse, ka tambayi hukumar namun daji ta jiharku kafin ka ɗauki bindiga, don dokarsa ta bambanta. A California tun 1990 an hana farautarsa, sai wanda ya yi ɓarna, shi ma da takardar izini. In ya afka maka ko wani mutum, kare rai ba ya jiran takarda.

Wallahu a'alam.