Ana iya sanin nauyin itacen bishiya tun tana tsaye?

Tambaya: Ina da gona a wajen Mando mai darbejiya da maɗaci. Masu sayen itace sun yi mini tayi, ni kuwa ban san yawan itacen da ke jikinsu ba. Akwai dabarar ƙiyasi ba sai an sare ba?

Amsa: Akwai, Malam, kuma tef ɗin tela da sanda sun ishe ka.

Fara da kauri. Ka zagaya tef a mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin babban mutum, ba can gindi inda saiwoyi suka buɗe ba. Raba abin da ka samu da 3.14, faɗin kututturen ke nan: zagaye santimita 94 zai ba ka faɗi 30. A nan nake so ka natsu sosai, domin faɗin da kansa ake ninka shi a lissafi. Idan tef ya karkace ka rubuta 33 maimakon 30, ka ƙara wa bishiyar kusan kashi 20 cikin 100 na itacen da ba ta da shi.

Tsayi ba wuya. Da hantsi ka kafa sanda mai mita ɗaya, ka raba tsawon inuwar bishiyar da na inuwar sandar.

Sai nauyin jinsin itacen, wato lambar da ke nuna nauyinsa in an gwada shi da ruwa mai girma ɗaya da shi. Darbejiya da maɗaci ka ɗauke su a 0.6 ko sama kaɗan. Rimi kuwa bai wuce rabin haka ba, duk girmansa.

A 2014 masana ƙarƙashin Jérôme Chave na Faransa suka fitar da ƙa'ida daga bishiyoyi sama da 4,000 da aka sare aka auna a ƙasashe masu zafi. Sauƙaƙƙiyar sigarta: faɗi sau faɗi, sau tsayi, sau nauyin jinsi, sau 0.056. Mai faɗi santimita 30, tsayi mita 15 da nauyin jinsi 0.6 za ta ba da kilo 450 ko kusa da haka, har da rassa, ban da saiwa.

Wannan nauyin busasshen itace ne. Ɗanye ya fi shi nesa ba kusa ba, don haka ku daidaita da mai saye kan wanne kuke magana. Maɗacin da makiyaya suka sha sassabe wa rassa kuma, lissafin zai ba shi fiye da abin da yake da shi, sai ka rage. In gonar babba ce, ka leƙa kwalejin gandun daji ta Afaka, ba ta da nisa da kai.