Hazo ba ya sauka: amsoshin tambayoyi kan kalmomin ruwan sama

Wani malami da ke koyar da labarin ƙasa a sakandare ya rubuto yana cewa: "Malam, a darasin yanayi akwai kalma guda ta Turanci, wato precipitation, da ta tattara duk ruwan da ke faɗowa daga sama. Na duba intanet na ga ana kiran ta hazo da Hausa. Daidai ne in koya wa yara haka?"

Malam, don Allah kada ka koya musu haka. Wannan kuskure ya yaɗu a rubuce-rubucen intanet, kuma yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya haddace shi a aji zai girma yana gardama da bakin da ya tashi da shi. Hazo shi ne abin da ke tsayawa cikin iska ya dushe gani, ko na ƙura ne ko na laima. Za ka ji an ce hazo ya rufe gari, ko hazo ya yaye, amma ba za ka ji an ce hazo ya kece har kwata ta cika ba. Abin da darasinka ke nufi kuwa shi ne ruwan da ya yi nauyi a cikin girgije har iska ta kasa riƙe shi, ya faɗo ƙasa. Ka ce musu saukar ruwa, sannan ka shiga rarrabewa, don a nan ne Hausa take da wadata.

Yayyafi shi ne ƙaraminsu. Masana yanayi sun sa masa iyaka: ɗigon da faɗinsa bai kai rabin milimita ba yayyafi ne, wanda ya wuce nan ruwa ne sosai. Ɗigo kuma ba ya girma yadda ya ga dama, da ya kai wajen milimita 5 ko 6 iska kan farfasa shi tun bai iso ƙasa ba. Mamako ruwa ne mai daɗewa, ya zuba a hankali ya ƙi ɗaukewa. Marka, wasu su ce malka, sunan lokaci ne: tsakiyar damina, sa'ad da ake kwana ana wuni cikin ruwa, rana ta yi wuyar gani. Wanda ya tsuge da ƙarfi shi ake cewa kamar da bakin ƙwarya. Ka lura fa, ba abu ɗaya kalmomin nan suke aunawa ba. Wata girman ɗigo ta duba, wata tsawon lokaci, wata ƙarfin zubowa, kuma su ne dai abubuwan da tashar yanayi ke rubutawa.

Ƙanƙara ma tana cikin masu sauka. A cikin dogon hadari ake ƙera ta: iska mai ƙarfi ta cilla ɗigon ruwa can sama inda sanyi ya tsananta, ya daskare, wani ruwan ya lulluɓe shi ya sake daskarewa, har nauyi ya rinjayi iskar. In ka fasa babba za ka ga zobe cikin zobe. Wadda aka tsinta a garin Vivian na jihar Dakota ta Kudu a Amurka, ranar 23 ga Yulin 2010, faɗinta ya kai santimita 20. Dusar ƙanƙara dabam take, tururin ruwa ne ke zama ƙanƙara kai tsaye a cikin girgije, ya sauko fari marar nauyi.

Raɓa ce za ta iya rikita yara. Mukan ce raɓa ta sauka, alhali ba daga girgije take zuwa ba. Da dare ganye da ƙarfe kan huce, laimar da ke cikin iskar da ke kusa da su ta taru a jikinsu. Shi ya sa ta fi yawa a daren da sama ta washe, iska ta lafa.

In sun tambaye ka ma'anar milimita a hasashen yanayi, ka ce musu milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Garin Mawsynram na Indiya kan sami fiye da milimita 11,000 a shekara, garin Arica na ƙasar Chile kuwa, a bakin hamadar Atakama, ko milimita 1 ba ya cikawa.

Sai wata ɗaliba mai karatun kimiyyar sinadarai, ta ce ita ma kalmar Turancin nan ake gaya musu a ɗakin gwaji, idan aka haɗa ruwa biyu wani abu ya fito ya zauna a gindin kwalba. Tana tambaya ko za ta ce laka.

'Yata, laka ba ta yi ba. Laka dama can tana nan, ruwa ne ya kwaso ta, in ya natsu ta kwanta. Abin da kike gani a kwalba sabo ne, a gaban idonki aka haife shi. Ki narkar da gishiri a ruwa, garau. Ki narkar da sinadarin azurfa da ake kira silba naitiret a wani ruwan, shi ma garau. Da kin ɗiga wannan cikin wancan sai fari ya tashi a tsakiya, ya yi curi-curi, ya gangara ƙasa. Azurfar ce ta kama sinadarin kulorin da ke cikin gishiri, suka zama abin da ba ya narkewa. Haka nan farin ɓawon da ke mannewa a gindin tukunyar da ake yawan tafasa ruwa: kalsiyam ne da yake narke a ruwan, zafi ya sa ya fito ya ƙame. Kalmar da ta fi kusa ita ce guggubi, aikatau kuma kwanta. Ki ce guggubi ya fito ya kwanta. Ban ga dalilin da za mu matsa wa kanmu neman kalma ɗaya ga girgije da kwalba don kawai wani harshe ya haɗa su ba. Na sama sauka yake yi, na kwalba kwanciya.

Wani ya tambaya: hadari ne ko haɗari? Duka biyun akwai. Hadari na sama ne, haɗari mai lanƙwasa shi ne hatsari. Na farkon ne a cikin "hadarin ƙasa maganin mai kabido". Kabido abin yafawa ne da ke kare ruwan da ya zo ta sama, to in ya ɓullo ta ƙasa mai shi ya jiƙe. Ana faɗin haka ga wanda ya yi shiri, matsala ta zo masa ta inda bai tsare ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo ce. Ya ji ana maganar ruwan sama mai tsami a rediyo, sai ya tuna da "ruwa ba ya tsami banza", yana son sanin ko akwai dangantaka.

Baba, Allah Ya ƙara girma. Masu karin maganar ba wannan suka nufa ba, ruwan da aka ajiye suka duba: in ya sauya ɗanɗano to wani abu ya shiga cikinsa. Daga nan ta zama abin faɗi duk sa'ad da aka ga sauyi a halin mutum ko a al'amari, ana nufin akwai dalili a ɓoye. Amma ta dace da zancen rediyon ƙwarai. Ruwan sama, ko mai tsabta ne, yana da ɗan tsami saboda iskar kabon da yake sha a hanya, yakan tsaya wajen 5.6 a ma'aunin pH, inda 7 ce tsaka-tsaki kuma raguwar lamba ke nuna ƙaruwar tsami. Idan hayaƙin kwal da na man fetur ya cika sama da iskar salfa da ta naitirojin, sai su narke cikin girgije, lambar ta faɗi zuwa wajen 4. Ba lalle harshe ya ji ba, amma kifi yana ji, itatuwa suna ji, gine-ginen marmara kuma su riƙa zaizayewa. Robert Angus Smith, masanin sinadarai da ya yi bincike a kan iskar Manchester ta Ingila, shi ya yi amfani da sunan nan, ruwan sama mai tsami, a 1872. Kusan shekara ɗari bayan haka aka ga kifaye suna ƙarewa a tafkunan Suwidin da Norwe, da aka bi sawu sai aka tarar yawancin hayaƙin daga masana'antun wasu ƙasashe iska ke kwaso shi. Wannan ya kai ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Janeba a 1979 kan gurɓatacciyar iska mai tsallake iyakoki, kuma tun daga lokacin hayaƙin salfa ya ragu sosai a Turai.